Cikakkiyar Amsa

Litinin, bayan an tashi aji

Mai makaranta ya kira ni ofis yau, ya miƙo mini wasu takardu masu hoton makulli, wai makon nan kowane malami sai ya koya wa yara yadda za su kare kansu a intanet. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni Turanci aka ɗauke ni in koyar, ba gadi ba." Ya yi dariyar nan tasa da ba ta kai ciki, ya ce to in koyar da gadin da Turanci. Shi ke nan, an ƙara wa jaki kaya.

Ajina na yamma ne, a saman kantin magani. Samari da 'yan mata ne masu tasowa, suna zuwa bayan sun taso daga boko, a gajiye, kowa da waya a aljihu. Ƙa'idata ɗaya ce, har bangon ajin ya haddace ta: in aka tambaye ka da Turanci, ka amsa, kuma ban yarda da "i" ko "a'a" tsirara ba. Cikakkiyar amsa nake so, mai kai da ƙafa, har da ƙari. Wanda ya jefo mini kalma ɗaya, sai in ƙwanƙwasa tebur da zobena, ƙwas ƙwas, ya sake. Kunya ba ta koyar da harshe. Ban taɓa dukan ɗan kowa ba, zoben ya ishe ni.

Kuma abin yana aiki, ga 'Yar Taga shaida. 'Yar telan nan ce da ke zama gindin taga, wadda a farkon shekara sai ka rantse ba ta da murya. Yanzu Turanci na zuba a bakinta kamar an kunce famfo. Ƙawarta Rediyo, wadda ba a kashe ta sai dai batir ya ƙare, ta ce, "Malama, wannan fa ta sayo sabon harshe, ta ƙi gaya mana kasuwar." Aji ya kwashe da dariya, 'Yar Taga ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na ce ba kasuwa ba ce, jin magana ne. Na ce kowa ya nemi wanda zai riƙa hira da shi da Turanci kullum, ita kaɗai ta nema.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Darasin makulli ya tafi lafiya. Kada ka ba kowa lambar sirrinka, kada ka danna abin da ba ka sani ba, kada ka tura wa baƙo hotonka. Sun maimaita da Turanci har mai kantin magani ya leƙo ya ce mu rage, kwastomominsa masu ciwon kai ne.

Ana shirin tashi 'Yar Taga ta ɗaga hannu, ta tambaya da Hausa: "Malama, in kullum kuna magana da mutum, har yanzu baƙo ne?" Na ƙwanƙwasa tebur, na ce a ajin nan ba na jin Hausa. Ta miƙe ta sake tambayar da Turanci, tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi don daɗi. Na sa aka tafa mata. Daga nan yara suka fara jan kujeru, ni kuma na shiga neman murfin makata.

Irin wannan rana ce ke sa mutum ya ji bai ɓata rayuwarsa ba.

Alhamis, da rana

Ina sauraron aikin gida. Babin kwatance muke, don haka na ce kowa ya turo saƙon murya a zauren ajinmu na waya, ya kwatanta hanya daga makaranta zuwa gidansu. Kai, wasu in ka bi kwatancensu sai ka tsinci kanka a teku. Na Rediyo rabinsa labarin karen maƙwabta ne.

Na 'Yar Taga kuwa, tsaf. Ka sauko, ka yi hagu, ka wuce mai gyaran firji, ka shiga lungu na biyu, akwai famfo da bishiya, sai shuɗiyar ƙofa mai tsatsa daga ƙasa. Ta ƙara da cewa tagar ɗakinta ce mai kallon lungu, da tsohon keken ɗinki a ƙarƙashinta, kuma gidan ba kowa da safe don babanta na shago, mamarta na kasuwa. Ga ƙarin da nake nema ke nan. Na sa mata tauraro, na rubuta a zauren cewa kowa ya saurari nata ya koya.

Litinin, bayan an tashi aji

'Yar Taga ba ta zo ba. Rediyo ma yau an rage mata murya. Wataƙila mura ce ke yawo.

Talata, da yamma

Baban 'Yar Taga ya zo. Ina tsakiyar darasi na ga mutum a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyansa, da zare maƙale a gaban rigarsa. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Na fita muka tsaya a kan matakala.

Ya ce, "Malama, darasin nan na ranar Asabar, ƙarfe nawa kuka tashi?"

Na ce ba ma darasi ranar Asabar.

Ya kalle ni, ya kalli ƙofar ajin, ya kama ƙarfen matakala. Ya ce ta fita da safe da jakarta, ta ce Malama ta shirya wa masu ƙoƙari darasi na musamman. Sun zaga dangi, sun zaga asibitoci, sun kai rahoto. Bai zo wurina da wuri ba don yana jin nauyi, kada ya zama kamar yana tuhumata. Ka ji fa, shi ne ke jin nauyina.

Na koma aji na ƙarasa darasin. Ban san me na koyar ba.

Laraba, da safe

Na karanta abin da na rubuta Larabar da ta wuce. Ba zan sake karanta shi ba.

Alhamis, bayan an tashi aji

Wani ɗan sanda ya zo, ya yi tambayoyi, ya rubuta, ya sha ruwa, ya tafi. Mai makaranta ya bi ni har aji yana raɗa, wai don Allah kada sunan makaranta ya shiga cikin maganar nan, yarinya ba daga nan ta ɓata ba. Na ce masa na ji. Da na buɗe baki fiye da haka, da yau ba ni da aiki.

Da kowa ya watse, Rediyo ta ƙi tashi daga kujerarta. Na ce, "Ke, lafiya?" Sai kuka. Na rufe ƙofa, na ba ta ruwa, na jira.

Ta ce abokiyar hirar 'Yar Taga a wata manhajar koyon harsuna suka haɗu. Wai yarinya ce sa'arsu, a wata ƙasa. Ba ta taɓa kunna kyamara ba, wai tata ta lalace. Ba ta taɓa turo murya ba, wai kunya take ji. Kwanan nan ta ce babanta zai kawo ta garin nan, su haɗu, amma a bar shi sirri don a ba Malama mamaki.

'Yar Taga takan ɗauki hoton hirarsu ta turo wa Rediyo don ta yi mata yanga. Rediyo ta miƙo mini wayar. Na fara karantawa daga sama. Yaya sunanki. Gaya mini game da iyalinki. Kwatanta mini ɗakinki. Me kike yi kullum daga safe zuwa dare. Yaya zan zo gidanku daga makaranta.

Na san jerin nan, innalillahi. Littafinmu ne, babi bayan babi. Duk abin da na koyar da yamma, shi ake tambayarta da magariba.

Kuma duk inda ta ba da gajeruwar amsa, sai a turo mata ɗan hoton zobe. Rediyo ta ce, "Ƙawata ce ta ba ta labarin zobenki, Malama. Wasa suke yi da shi." A ƙarƙashin kowane zobe, 'Yar Taga ta sake amsawa, doguwa, da ƙari.

Na kai Rediyo gida da kaina, na kai hotunan wurin ɗan sandan. Har yanzu Rediyo "ita" take cewa. Ni na kasa.

Juma'a, da rana

Iska na kaɗa labulen tagar, yana shafar kujerar 'Yar Taga. Na ɗaure shi. Wani yaro ya ja kujerar zai ɗora jaka, na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Allah ya ba shi haƙuri.

Asabar, bayan la'asar

Koren ɗigon da ke nuna mutum yana kan layi ya kunnu a jikin sunan 'Yar Taga.

Ina yanka albasa na gani. Na kira, a kashe. Na rubuta mata da Hausa, "Kina ina? Ba wanda zai yi miki faɗa." Aka nuna an karanta. Sai ga alamar tana rubutu. Na tsaya da wuƙa a hannu ina kallo. Tana rubutu, ta daina. Tana rubutu, ta daina. Ɗigon ya mutu, ba abin da ya shigo.

Na kira ɗan sandan, ya ce suna kan aiki. Na kira tela, da na ji yadda muryarsa ta ɗaga sai na yi da-na-sanin kiran.

Baban yara ya karɓe wayar ya kifa ta a kan firji. Ya ce, "Ke za ki kashe kanki. Ci abinci." Na ci don ya bar ni.

Lahadi, da safe

Na sake sauraron saƙonta. Ka sauko, ka yi hagu. A wurin da ta ce "shuɗiyar ƙofa" akwai ɗan numfashi, kamar za ta yi dariya ta danne. Bayanta ana jin keken ɗinki yana tafiya.

Lahadi, da yamma

Na je gaishe su. Ban taɓa zuwa unguwar ba, ban kuma karɓi kwatance wurin tela ba. Na tsaya a gaban kantin magani, na sa abin ji a kunne, na kunna muryarta.

Na yi hagu. Ga mai gyaran firji, yana zaune a kan wani mataccen firji yana sakace. Lungu na biyu. Famfo, bishiya, yara na wanke ƙafa. Shuɗiyar ƙofa mai tsatsa daga ƙasa. Taga mai kallon lungu, tsohon keken ɗinki a ƙarƙashinta, an rufa masa buhu.

Ban tambayi kowa ba. Ko sau ɗaya ban tsaya ina waige-waige ba. Muryarta ta kawo ni har bakin ƙofa kamar ta riƙe mini hannu, ni da ko gidan ƙanwata sai na ɓata.

Mamarta ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ba ki sha wuyar gane gidan ba?" Na ce a'a. Ta ce yarinyar ba ta da zance sai nawa, Malama ta ce, Malama ta ce, har babanta na tsokanarta wai ta koma gidan Malama da zama. Ta ɗauko mini littafinta, ta nuna mini taurarin da na sa mata, ita da ba ta karanta Turanci. Na ce Allah ya bayyana ta, ta ce amin, ta riƙe hannuna mai zoben ta daɗe ba ta saki ba.

A hanyar dawowa, daidai wurin famfon, ƙafafuna suka tsaya. Wayarta tana cikin zauren ajin. Duk wanda ke kunna koren ɗigon nan yana cikin zauren ajina, kuma kowane yaro nawa ya turo kwatancen gidansu a ciki.

Na zauna a kan dakalin wasu mutane, na goge saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Na san ihu ne bayan hari, abin da ya sauka a waya ya sauka. Sai na zo kan sunanta. In na cire ta daga zauren, kamar na ce ba za ta dawo ba ke nan. Na daɗe ina kallon hotonta, ta sa hannu ta rufe rabin fuska. Na cire ta.

Litinin, da rana

Na kira iyayen yara duka, na gaya musu gaskiya. Wata uwa ta zage ni tas. Wani uba ya ce to shi me zai yi, ya ɗauke gidan ne? Mai makaranta ya ce na tona masa asiri. Na ce, "Ranka ya daɗe, asirin da ke hannun wani tuni, wane irin asiri ne?" Bai kore ni ba, bai kuma amsa gaisuwata ba.

Talata, bayan an tashi aji

Yara sun ragu. Waɗanda suka zo na ce su rufe littafi. Na yi musu magana da Hausa, abin da ban taɓa yi a ajin ba, har suka kalli juna. Na ce lambar sirri ba ita kaɗai ce sirri ba. Hanyar gidanku sirri ce, lokacin da gidan ba kowa sirri ne, tagar ɗakinka sirri ce. Na ce wanda ba ka taɓa gani ido da ido ba, wanda iyayenka ba su san shi ba, baƙo ne ko da shekara kuka yi kuna hira. Na faɗi wannan ina kallon allo. Suka ce sun gane.

Sai na gwada su. Na juya zuwa Turanci, na nuna wani yaro na ce, ka ɗauka ni baƙuwa ce a waya, ina ne gidanku?

Ya miƙe, ya gyara riga, ya kwatanta mini har kalar ƙofa.

Na nuna ta kusa da shi. Ita ma haka. Na bayanta ya fara da gajeruwar amsa, ya kalli hannuna, ya yi sauri ya ƙara da lokacin da babansa ke fita aiki. Yanzun nan fa na gama yi musu bayani! Yara ne masu wayo, da Hausa ko kuɗin cefane ba za ka ji daga bakinsu ba. Amma da zarar tambaya ta zo da Turanci sai su ɗauka jarrabawa ce, kuma ni na koya musu cewa shiru faɗuwa ce.

Da na zo kan Rediyo, ta miƙe, ta buɗe baki, ta rufe. Hawaye na zuba, ta ce da Hausa, "Malama, in na ƙi amsawa, ba za ki ji haushi ba?"

Na sallame su da wuri.

Alhamis, da safe

Ɗigon bai kunnu ba. Ban san wanne ya fi ba.

Juma'a, da yamma

Na yi mafarkin ina ƙwanƙwasa tebur, ba sauti. Da rana ma ina wanke-wanke zoben ya bugi tukunya, na saki tukunyar. Baban yara ya ce in je in kwana biyu wurin Yaya in huta. In na tafi wa zai duba wayar?

Litinin, da hantsi

An same ta. Da ranta. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Tela ne ya kira, bai iya haɗa magana ba. A wata tashar mota, a wani gari, wata mai sayar da ruwa ce ta gan ta zaune tun safe ba takalmi. Ba jaka, ba waya. Abin da na sani ke nan, kuma ban tambayi ƙari ba.

Laraba, da rana

Ɗigon ya kunnu yau, ita kuwa tana gidan ubanta. Na gaya wa ɗan sandan. Na gaya wa yara kada kowa ya amsa wa lambar nan, ko da sunanta ya gani.

Asabar, bayan la'asar

Na je. Wannan karon ban kunna komai ba, ƙafata ta riga ta haddace.

Mamarta ta tare ni a tsakar gida, ta rage murya. Ta ce tun da aka dawo da ita ba ta yi wa kowa magana ba. Likita ya tambaya, 'yan sanda sun tambaya, babanta ya tambaya har ya yi kuka, ita sai kallon bango. Ta ce, "Ke tana jin maganarki, Malama. Ki tambaye ta, don Allah. Ke za ta amsa miki." Na san gaskiya ta faɗa.

An toshe tagar da katako, ɗakin da duhu. Tana zaune a bakin gado, ta rame, ta lulluɓa da zanin mamarta. Tana ganina ta yunƙura za ta miƙe kamar a aji. Na ce da Hausa, "Zauna, 'yata, zauna." Na zauna kusa da ita. Ana jin yara a famfo.

Can sai ta yi magana, da Turanci, a hankali, kowace kalma a wurinta. Ta ce, "Malama, na amsa duka. Ban bar ko ɗaya ba. Ya ce Turancina yana da kyau ƙwarai."

Na dafe ƙarfen gadon. Mamarta na bakin ƙofa, ta ji muryar 'yarta, ba ta gane me aka ce ba, fuskarta ta haskaka, tana yi mini alama da hannu in ci gaba.

Na ce da Hausa, "Kin tambaye ni wani abu rannan, ban amsa miki ba. I, baƙo ne. Ko kullum kuna magana, baƙo ne. Ni ya kamata in gaya miki." Na ce, "Kina so ki faɗa mini abin da ya faru?"

Sannan ta ce, "A'a."

Tana faɗa sai idonta ya sauka a kan hannuna, wanda ke dafe da ƙarfen gadon. Ta ɗan ɗaga kafaɗa, ta ja numfashi, tana jiran ƙwas ƙwas, ta fara haɗa doguwar amsar a bakinta. Ina gani.

Zoben ya daɗe a yatsan, ya ƙi fita, sai da na murza har fata ta yi ja. Na jefa shi a jaka, na ja zif, na nuna mata hannuna.

Na ce, "Ya isa. Kin amsa."

Ta kalli yatsan, inda zoben ya bar farin zagaye. Sai ta kwantar da kanta a kafaɗata. Mamarta na ta jira a bakin ƙofa, ni kuwa ban sake tambayar komai ba har aka kira magariba.